Katin Hambali

Na zo Huddersfield don a cire mini yanar ido,
sai na tarar da gasa a laburaren unguwa:
littafi shida kafin hutu ya ƙare,
duk wanda ka gama, ka rubuta ra'ayinka a kati,
a manna shi a bishiyar takarda da ke jikin bango.

Jikana Hambali, shekara tara,
wanda waya ta zame masa hannu na uku,
uwarsa ta ja shi kamar akuya ranar kasuwa.
Ni ma aka ce in bi, wai in sha iska.
Iskar garin nan!
Ruwa ne da ya kasa yanke shawarar sauka.

Matar da ke kan tebur, Misis Holroyd,
tabarau rataye da igiya a wuyanta,
ba ta yi masa wa'azin amfanin karatu ba.
Ta ce, "Me ka fi tsana?"
Ya ce, "Littafi."
Ta ce, "Madalla. Zo ka zaɓi wanda za ka tsana da hujja."

Ya ɗauko na wani kare da ke gadin jirgin ruwa.
Idona ɗaure da bandeji, ni ne majalisarsa.
Ya karanta da Turanci, ya juya mini
da Hausarsa mai ɗingishi:
"Kaka, in ka shiga ruwa ba ka nitse ba, me ka yi?"
Na ce iyo.
Ya tauna kalmar sau uku kamar alawa.

Dare na huɗu karen ya mutu.
Littafi ya tashi sama, ya faɗi bayan kujera.
Da safe na ji ƙarar biro a kan kati:
"Tauraro biyu. Bai kamata karen ya mutu ba.
Marubucin gajiya ya yi."

Gabana ya faɗi.
Mu a Funtuwa, zamanin da muke zama a benci,
abin da aka buga a takarda
ya fi ƙarfin bakin yaro.
Haddacewa ake yi, ba a musu.
Na shirya ba matar haƙuri,
sai ga ta ta hau kan kujera
ta manna katin a reshen da ya fi kowanne tsawo.

Mako ya zagayo, ga wani kati a ƙarƙashinsa,
wata Zofia, 'yar shekara takwas:
"Dole ya mutu. Shi ya sa ka yi kuka."
"Ban yi kuka ba!"
Ni dai ido ɗaya gare ni a lokacin,
amma kunnuwana biyu lafiyarsu lau.
Na yi shiru. Kaka ba ya tona asiri a gaban Turawa.

Ya ari biyu ranar, don ya sami abin mayar mata.
Na kwaɗi, na wata, na yarinyar da ta gyara agogon gari.
Wayar tana kan firji, cajinta ya mutu,
ba wanda ya yi mata ta'aziyya.

Ranar da aka ba shi lambar roba mai ruwan zinariya
aka kwance mini ido.
Abu na farko da na karanta tsaf a ƙasar nan
rubutunsa ne, karkatacce kamar shingen kara.

Daren da zan tafi na yi masa tatsuniya,
wadda kakata ta yi mini a gindin rumbu.
Da asuba na tsinci kati cikin takalmina:
"Tauraro uku. Kurar ta burge ni.
Amma Kaka yana maimaita kansa,
kuma ya yi barci kafin ƙarshe."

Ja'irin yaro.
Katin yana cikin fasfona, kusa da biza.
Tun da na dawo nake gyara ƙarshen labarin,
ina gwada shi a kan jikokin maƙwabta.
Baɗi in Allah ya kai mu,
sai na karɓo taurari biyun nan da ya riƙe mini.